Muryar Kai Gawa a Ranar Godiya

Har yau idan na tuna Malam Barnabas, shugaban mawaƙan cocinmu a nan Dubai, sai in ji zuciyata tana tafarfasa. Mahaifiyata tana can ƙauyenmu a kudancin Kano, kwance, ɓarin jikinta na hagu ba ya motsi. Ni kuma ina nan unguwar Al Nahda da jariri a hannu, ba halin tafiya. Fasto ya ce in yafe, mijina ma ya ce in yafe, na kuma ji su. Amma sai na faɗi abin da ya faru tukuna, kuma ba zai faɗu ba sai na koma gindin murhun kakata, domin a can na fara sanin abin da mutumin nan ya raina.

Mu Hausawa ne Kiristoci, tun daga kan kakanni. Bayan girbi, idan an ci tuwo an wanke kwanuka, ba a kashe wutar murhu a gidanmu. Kaka Lami, mahaifiyar babanmu, takan jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tura karan dawa a wuta, ta binne gyaɗa a toka. Mu jikoki mu zagaye ta muna ture juna, kowa na son gefen da hayaƙi ba ya bi. Ba tsohuwa ce mai lallashi ba. Idan ka yi gyangyaɗi sai ta ɗana maka kara a ƙafa, ta ce gado na ɗaki, nan wurin masu kunne ne. Duk da haka babu wanda yake yarda a riga shi zama.

Kafin tatsuniya akwai waƙa. Kaka ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin coci duk suna kanta, kuma tana da wani wasa da muke mutuwar so. Sai ta ɗauki kalmomin wannan waƙa ta ɗora su a kan muryar waccan, su zauna daram, babu abin da ya yi saura. Mu yi ta dariya muna cewa ta ƙara. Takan ce waƙoƙin nan kamar ƙwarya da faifai suke, idan bakin ya zo ɗaya, faifan wannan zai rufe waccan. Sai da na shiga makaranta na ga 'yan lambobin da ake rubutawa a saman kowace waƙa a littafi, na gane cewa gaɓoɓin kowane layi ake ƙirgawa, kuma duk waƙoƙin da lambobinsu suka zo ɗaya suna iya aron muryar juna.

Murya ɗaya ce kawai ba ta shiga wasan. Wata ce mai nauyi, mai tafiya a hankali, wadda a ƙauyenmu ba a rera ta sai an ɗauki gawa daga coci zuwa makabarta. Lokacin babu waya, ita ce sanarwa. Wanda yake gona idan ya jiyo ta sai ya ajiye fartanya ya nufo gida, ba sai ya ji kalma ko ɗaya ba.

Wata rana ƙanwata Saratu, mai rawar kai tun tana ƙarama, ta ɗora waƙar godiyar girbi a kan muryar nan. Ta kuwa zauna mata daidai. Ba ta gama baiti na farko ba maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga, mayafi a hannu, tana tambaya wa aka rasa. Kaka ta ba ta haƙuri ta sallame ta, sannan ta juyo ta dubi Saratu har sai da yarinyar ta fara kuka ba a taɓa ta ba. Ranar ba ta bari mun zaɓi tatsuniya ba. Ta ce ga wata nan tafe, mu ba ta hanya, muka ce ta shigo.

Wai matar wani manomi ce ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙetaren kogi. Naƙuda ta yi tsawo har aka fara fid da rai, sai Allah ya sauke ta lafiya, ɗa namiji. Aka kira kurciya aka ce ta yi maza ta kai wa uwar mijin albishir, domin tsohuwar ta kwana biyu ba ta runtsa ba. A hanya kurciya ta sauka hutawa a kan wata kuka, ta ji mujiya tana rera tata muryar, mai kauri, mai cika daji. Sai ta raina tata. Ta ce babban labari irin wannan ai babbar murya ta dace da shi. Ta gwada kalmomin albishir a kan muryar mujiya, suka zauna cif. Mujiya da kanta ta gargaɗe ta, ta ce muryarta ba ta zuwa gidan da ake dariya. Kurciya ta ce ai kalmomi ne saƙo, murya ado ce kawai.

Ta isa, ta sauka a kan rumbu, ta buɗe baki. Tsohuwa tana shigowa da tulu a ka. A nan Kaka ta rage murya, ta nuna mu da kara ɗaya bayan ɗaya.

"Murya ta riga kalmomin isa kunnenta. Tulu ya faɗi, ita ma ta bi shi. Kafin kurciya ta sauko ta maimaita da muryarta ta gado, tsohuwa ba ta jin kowa."

Muka tambaya ko ta mutu. Kaka ta ce ita ba ta sani ba, abin da ta sani shi ne har gobe idan muka saurari kurciya a kan rumbu za mu ji tana ta nanata cewa ai ya yi daidai, ai ya yi daidai. Daga nan ta tono gyaɗa daga toka, ta ce labari ya ƙare, wanda bai ji ba kada ya miƙo hannu. Saratu ce ta fara miƙawa, da hawayenta da komai.

Kaka ta daɗe da rasuwa, da muryar nan muka raka ta. Na girma na zama nas, aiki ya kawo ni Dubai, na auri Ishaya da yake aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Deira. Mu 'yan Arewa muna da ƙaramar ikilisiya, muna hayar wani zaure ranar Lahadi, mu yi sujada da Hausa mu fita kafin masu bi mana su shigo. Malam Barnabas ne mai fiyano. Injiniya ne, ɗan birni, ya iya waƙa, wannan ba zan hana shi ba. Matsalarsa ɗaya, idan ya san abu sai ya ɗauka babu sauran abin sani a duniya.

Ɗanmu Dauda bakwaini ne. Ya yi makonni a kwalba, wayoyi ko'ina a jikinsa, ni da nake kula da 'ya'yan wasu na koma mai leƙen nawa ta gilashi. Inna, mahaifiyata, tana da hawan jini, kuma ta binne 'ya'ya biyu da miji. Saratu, wadda take zaune da ita, ta ce duk lokacin da waya ta yi ƙara sai Inna ta ɗauka mugun labari ne. Da aka sallame mu muka sa ranar godiya a coci, na yi wa Inna alkawari za ta kalli komai ta waya, ta ga jikanta da idonta, hankalinta ya kwanta.

Ranar Asabar na kai wa mawaƙa zoɓo wurin gwaji. Tun daga bakin ƙofa na jiyo su. Waƙar godiyar da na zaɓa ce suke yi, amma a kan muryar kai gawa. Na ajiye zoɓon na je na sami Malam Barnabas, na yi masa bayani a tsanake, har da labarin maƙwabciya da mayafinta. Ya ce ainihin muryar waƙar ta yi rauni, wannan ta fi cika zaure, kuma a ƙasar da aka tsara ta ba ta da wata alaƙa da mutuwa. Ya buɗe littafi ya sa yatsa.

"Maman Dauda, dubi nan. Takwas, shida, takwas, shida. Waccan ma haka. Khalas, magana ta ƙare. Sauran duk camfin ƙauye ne."

Wasu 'yan mata suka yi dariya. Na ce, "Malam, don girman Allah. Innata za ta saurara, kuma ba ta da lafiya."

Ya ɗaga hannu ya ce to, to, babu damuwa, za a canza. Na yarda da shi, domin a gaban mutane ya faɗa, a cikin ɗakin sujada.

Ranar Lahadi muka fito gaba, ni da Ishaya, Dauda yana barci a cikin farin shawul. Wata daga matan zumuntar coci ta riƙe mana waya. Fiyano ya fara, sai ga muryar nan. Na juya na dubi Malam Barnabas, idonsa a rufe, yana rangaji, ko a jikinsa. Jama'a suka ɗauka, zaure ya cika. Ina tsaye a gaban ikilisiya da jariri a hannu, in yi ihu ne a daina? Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya sa waya ta yanke.

Ba ta yanke ba. Saratu ta faɗa mini daga baya cewa netwok ɗin ƙauye ya yi halinsa, hoto ya tsaya cak a kaina, kai a sunkuye, ga farin ƙunshi a hannuna ba ya motsi. Kalmomi ba sa fita, sai amon muryar kawai. Inna ta ce, "Yaron ya tafi." Ta yunƙura za ta miƙe, ta faɗi. Saratu tana ta ihu a kunnenta cewa godiya ce ake yi, yaro na nan da ransa. Mu kuwa a nan muna baiti na uku.

Bayan kwana biyu Malam Barnabas ya zo gidanmu tare da fasto, da kwandon 'ya'yan itace. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Da ya tsaya a nan, wataƙila da yanzu na huce. Sai ya ƙara da cewa mawaƙa sun riga sun saba da muryar, canji a daren ƙarshe zai rikita su, kuma hawan jini ba ya jiran waƙa, kuma a ƙa'ida babu kuskure a abin da aka rera. Ni nas ce, na fi shi sanin hawan jini. Na san mai yiwuwa ne ciwon ya same ta ko a wata rana. Amma na roƙe shi, ya amsa mini, ya juya ya yi abin da ransa yake so. Na mayar masa da kwandonsa a hannu, na buɗe masa ƙofa.

Da ina yarinya na ɗauka wauta ce ta ja kurciya. Yanzu na gane tana da wayo, ta iya lissafi, an kuma gargaɗe ta. Abin da ya dame ta shi ne yadda saƙon zai yi daɗi a bakinta, ba ta ko tuna da wadda take jira a ƙetaren kogi ba. Irin wannan wayon ne nake jin haushinsa, kuma ban ga alamar zan daina kwanan nan ba.

Likita ya ce huhun Dauda bai yi ƙwarin shiga jirgi ba tukuna, don haka waya ce kawai tsakanina da Inna. Bakinta ya karkace, magana da ƙyar. Kullum da safe Saratu takan kira, ta kai wayar gaban fuskarta, Inna ta ce a ɗaga shi ta gani. An faɗa mata ya fi a ƙirga cewa yana raye, takan gyaɗa kai, amma ba ta yarda da hoton da ba ya motsi. Idan aka yi rashin sa'a yana barci, sai in ga idonta ya fara cika. Sai in sa yatsa in murza tafin ƙafar ɗana, wannan ɗan mitsitsin da na sha wuya kafin ya yi barci, har sai ya tsala kuka. Sannan Inna take yarda a ba ta kunu.