Ciyayyar Ƙofar Gidan Malam Sunusi

Malam Sunusi ya rasu ana tsaka da tsinkar tumatir, lokacin da ko gaisuwa mutanen Bunkure a tsaitsaye suke yin ta. Amma ranar an watsar da kwanduna a bakin gona, direbobin da suka zo lodi suka yi ta jira, har wani a cikinsu ya tambaya ko wani mai sarauta ne ya mutu. Ina! Manomi ne mai 'yar gona a gefen kanal, babbar hanyar ruwan nan da ta ratsa gonakin yankin. Bayan gonar, sai tsohon keke, sai hular da ta sha wanki har ba a gane launinta.

Matarsa, Inna Maryamu, ta san dalilin wannan cincirindo. Idan aka yi rigima a kan rabon ruwa, wani ya toshe wa wani, shi ake kira, ya naɗe ƙafar wando ya shiga taɓon da kansa ya buɗe, yana tsokanar masu faɗan har kunya ta kama su. Idan aka yi mutuwa, shi ne a kan gaba wajen haƙar kabari. A gida kuwa ba a magana. Shi ya riƙa goya 'yarsu Khadijatul Kubra a keke zuwa makaranta, mutane suna cewa ya shagwaɓa yarinya, yana cewa ai ba a bayansu ya goya ta ba. Ko biki aka yi masa gayya a Kura, sai ya san yadda ya yi ya kwana a gidansa.

Duk da haka, abin da aka fi saninsa da shi tabarma ce. Tun suna sabon aure ya shimfiɗa ta a ƙofar gida. Kullum bayan sallar magariba kowane magidanci a layin zai fito da kwanon tuwonsa, a haɗa a tsakiya, a ci tare. Ciyayya ke nan. Mai shi da marar shi, ɗan gari da ɗan ci-rani, hannu ɗaya ake sawa.

Inna Maryamu ba ta taɓa ganin wannan zama da idonta ba, tunda ba wurin mata ba ne. Ita dai ta miƙa kwano a zaure, ta koma tsakar gida tana jiyo dariyarsu ta kan katanga, anjima kwano ya dawo fes kamar an wanke.

Da Malam ya rasu, gida ya cika da 'yan gaisuwa, sannan ya watse kamar kasuwa ta tashi. Khadijatul Kubra ta koma gidan mijinta a Kadawa. Ɗansu Habibullahi kuwa a Kano yake aiki, yana fita tun asuba, in ya dawo ya shige ɗaki ya ci abinci da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan waya. Inna Maryamu ta gama takaba, ta duba hagu ta duba dama, ba kowa sai kaji. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, musamman da magariba. Abu ɗaya ta ƙudurta a ranta: ba za a naɗe tabarmar Malam tana raye ba.

Habibullahi ya ce, "Inna, ki huta da wannan wahalar. Wa yake ciyayya yanzu? Tsofaffin duk sun tafi, sauran kuma kowa yana gaban talabijin."

Ta ce, "Kai dai sayo min daddawa, ba shawara na tambaye ka ba."

Haka ta ci gaba da tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miya, ta ɗauki kwano da kanta ta ajiye a bakin zaure. Kwano kuwa yana dawowa babu komai. Ta riƙa yi wa Habibullahi gori, wai ga mutanen da ya ce sun tafi.

Sai dai mai tuƙa tuwo ba a yi mata wayo a kan kwanonta. Idan mutane da yawa suka ci, kowa gabansa yake gutsura, miya ta shafi ko'ina. Wannan kuwa gefe ɗaya ne yake shafe, ɗaya gefen kuma an kwashe tuwon da cokali ne, ga shatinsa nan. Dariyar ma ta daina tsallako katanga. Ta daɗe tana ƙin gaya wa kanta gaskiya. Wata rana dai ta ajiye kwanon, ta ƙi komawa ciki, ta leƙa.

Allah sarki. Mutum ɗaya ne a kan tabarmar nan mai faɗi. Obadiah ne, maƙwabcinsu, Kirista daga wajen Kafanchan, wanda ya zo gyaran injin ban-ruwa tun yana saurayi ya zauna ke nan. Matarsa Phoebe ta rasu shekarun baya, 'yarsu Fortune tana aikin jinya a Kaduna. Ya takure a gefe, ya bar wurin jikin bango inda Malam yake zama. Ga ƙaramin kwanonsa a rufe, ga kuma wata roba da ya zo da ita, yana juye rabin tuwonta a ciki don kada kwano ya koma da saura.

Ta yi gyaran murya daga cikin zaure. "Baban Fortune, ina wuni?"

Ya zabura har cokalin ya faɗi. "Lafiya lau, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ina sauran mutanen?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne sauran."

Ta zauna a kan dakalin cikin zaure, bango a tsakaninsu. Haushi ya kama ta, ba ta ma san da wa take fushi ba. Can ta ce, "To ai gara da kake ci. Yadda Malam yake so nake yin ta har yau, daddawa da yawa, barkono kaɗan. Tun ina amarya ban canza ba."

Obadiah ya ajiye cokalin, ya ce, "Inna, ki yafe ni. Malam ai ba ya cin naki."

"Ba ya cin me?"

"Tuwonki. Da an jera kwanuka sai ya bi su da ido, ya gano wanda miyarsa ba mai ba nama, ya jawo shi gabansa, ya ce yau shi wannan yake marmari. Naki kuma ya tura wa mai wancan kwanon. Kowa ya gane, ba wanda ya taɓa tankawa. Da Phoebe ta rasu na fara girki da kaina, tun daga ranar nawa yake ci. Na ce Malam, wannan ko ni da ƙyar nake haɗiye shi. Ya ce in rufa masa baki, ban san daɗi ba."

Kai, mutumin nan! Inna Maryamu ta riƙe haɓa. Shekara da shekaru tana tsaye a kan murhu, hayaƙi yana cin idonta, tana rage barkono saboda cikinsa, ashe cikin wasu take lallaɓawa. Kuma Malam ya shigo ya ce mata an gode, ko a jikinsa. Ta so ta gan shi a gabanta ta yi masa tatas, ta tuna ba ya nan, ba kuma zai shigo ba. Dariya ta taso mata, kuka ya riga ta fita.

Da ta share ido ta ce, "Miƙo min kwanon naka."

"Haba Inna, ba zai ciwu ba."

"Miƙo, na ce."

Ya turo shi ta bakin zaure. Ta buɗe. Tuwon masara ne duk gudaji, ƙasan ya kama, miyar kuka tsararo, gishirin ma bai ji ba. Ta yi bisimilla ta kai loma. Wallahi ba daɗi. Ta tauna a hankali, tana jin ƙaurin a maƙogwaronta, ta ƙara wata, ta kuma ƙarawa. A waje ta jiyo Obadiah ya jawo nata kwanon ya soma ci.

Haka suka yi ta ci har suka gama. Ta tura masa kwanonsa babu komai a ciki.

Ya ce, "Gobe zan ƙara gishiri."

Ta ce, "Kada ka ƙara. Ka kawo shi yadda yake ci."