Hancin Jan Sa

Bara aka sace mini sa, ja, wanda na raina tun yana ɗan maraƙi. Shi kaɗai na mallaka tun rasuwar maigidana, kuma a kansa na ɗora ciyar da 'ya'yana da karatunsu. Amma in zan faɗi yadda ta kaya, dole in fara daga gindin murhun kakata, Iya Mairo, a tsohon gidanmu na Garwa, can gangaren Binuwai.

Gidan mahauta ne. Kullum akwai shanu a ɗaure a bayan gida suna jiran ranarsu, mu kuwa yara ba mu ɗauke su a bakin komai ba, nama ne kawai mai tafiya da ƙafarsa. Lokacin sanyi, da an idar da magariba, sai Iya ta jawo 'yar kujerarta kusa da wuta, ta watsa gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kewaye ta. Mace ce mai saurin fushi, kuma ba ta yarda da gyangyaɗi ba. Wanda kansa ya langaɓe, ɓawon gyaɗa zai ji a goshi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Na kamo wata a bakin kogi, wa zai riƙe mini ita?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne!"

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta yarinya mai farar saniya guda ɗaya. Kura ta sace saniyar, ta kai wa Dorina, sarauniyar kogi, wadda ke da garken fararen shanu a ƙarƙashin ruwa. Yarinya ta bi sawu har gaɓa, ta ɗaure zanenta tam, ta nutsa. Dorina ta saurare ta, ta yi hamma, ta ce, "Ga garke nan. In kin nuna taki, ki kora abarki. In kin nuna tawa, in haɗiye ki har da zanen." Yarinya ta duba, ga shanu iyakar ganinta, duk farare, duk ƙaho iri ɗaya.

A nan Iya ta tsaya, ta shiga tonon gyaɗarta kamar ba ita ke magana ba. Can ta ɗago ta ce, "To, ku ne yarinyar. Ya za ku yi?"

Yayana Sale ya ce a kira sunan saniyar. Iya ta ce, "Kura ta toshe mata kunne da laka." Na ce a duba wutsiya. Ta ce, "An aske." Wani ya ce ai saniyar da kanta za ta rugo wurin uwargijiyarta. Iya ta harare shi ta ce, "Saniyar da ta ƙoshi da ciyawar Dorina? Kai ma in ka ƙoshi ba ka sanin mutane." Muka yi magiya har muka gaji, ta ƙi ƙarasawa. "Ga shanu can a bayan gida," in ji ta. "Ku je ku dube su. Ni ba saniya ba ce da za ku zuba mini ido."

Kwana da kwanaki yarinyar nan tana tsaye gaban Dorina, mu kuma muna zagaya shanun Baba kamar dillalai. An taka ni, an yi mini atishawa a fuska. Wata safiya ina miƙa wa wata saniya dusa a tafin hannu, sai idona ya faɗa kan hancinta. Zane-zane ne a jiki, ƙanana, irin tsagar lakar bakin kogi in ruwa ya janye. Na duba ta kusa da ita, na ga nata daban. Na ruga ina ihu har ɗankwalina ya faɗi.

Iya ba ta yaba mini ba, ba halinta ba ne. Gyaɗa dai ta ƙara mini da yamma, sannan ta ƙarasa. Yarinya ta roƙi kanwa, ta zuba a tafinta, shanu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna lasa, tana duban hancinsu. Ita ce kullum safe take share wa saniyarta hanci da gefen zane, don haka da ta gan shi ta gane shi. Dorina ta cika alkawari, har ta rako ta gaɓa. Iya ta karkaɗe hannu ta ce, "Na sake ta, ta koma ruwa. Ku tashi."

Shekaru suka tafi, Iya ta koma ga Mahaliccinta, ni ma na tara nawa yaran. Watanni kafin satar, ma'aikatan dabbobi suka zo unguwarmu rigakafi. Cikinsu akwai wata likitar dabbobi, Madam Fadimatu. Da aka gama yi wa jan sana allura, sai ta goge masa hanci da tsumma, ta kanga masa waya tana ɗaukar hoto. Na ce, "Madam, sana ba Makka za shi ba, me zai yi da hoto?"

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ordinatar ce, wato kwamfuta, aka koya wa aiki. An nuna mata hancin shanu masu ɗimbin yawa har ta iya bambance su, don kowace saniya da zanen hancinta, kamar yatsan mutum. Shi ne ake ce wa ƙirƙirarriyar basira. In na ajiye hotonsa da sunanki, ko ina aka gan shi za ta gane shi."

Na ce, "Wa ya ba kwamfutar taku tatsuniyar kakata?" Ba ta fahimta ba, ni kuma ban tsaya bayani ba. Na riƙe mata kan san da kaina ta ɗauka da kyau.

Safiyar da na tarar da turke babu sa, sai da na zauna a ƙasa. Muka nema har muka fid da rai. Ranar kasuwar garin Adumri sai Sale, wanda ya gaji Baba a fawa, ya kira ni daga tike, wato kasuwar shanu. Ya ce ya ga wani jan sa da ya tsaya masa a rai, kuma da la'asar za a loda shi a mota zuwa kudu. Ban ko sauya zane ba. Na biya ta wurin Madam Fadimatu, na ce mata ko dai ta bi ni ko ta ba ni wayar, ta ga ba wasa a fuskata ta ɗauko jakarta.

Da muka isa Adumri, na tarar an rage wa san ƙaho, an yanke gefen kunne, an ɗana masa sabon tambari a cinya. Duk da haka ina ganinsa na san shi ne. Yana hannun wani Alhaji, wanda ya rantse da gaskiyarsa saya ya yi, kuma ban ƙaryata shi ba. Aka kai maganar gaban sarkin tike, maza suka yi cincirindo. Na ce a duba hancinsa, ni na san zanensa. Sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Baiwar Allah, jan sa nawa ne a ƙasar nan?" Wani ya ce in koma gida in duba tukunyata. A tatsuniya Dorina ta karɓi maganar yarinya, amma a tike babu wanda ya shirya karɓar tawa.

Madam Fadimatu ta matso ta gaida sarkin tike da Fillanci, ta ce, "Baba, a gwada mu gani. Ku zaɓo jajayen shanu da kanku." Dattijon ya sa aka jawo waɗanda suka fi kama da nawa. Ta goge hancin na farko ta ɗauka, wayar ta ce ba ta san shi ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Masu dariya suka fara matsowa suna leƙe. Sannan aka riƙe kan jan sa. Na rufe ido ina salati, sai na ji Sale ya yi kabbara. Ga sunana a fuskar wayar, ga tsohon hotonsa da cikakken ƙahonsa, ga hannuna riƙe da kansa a tsakar gidana.

Sarkin tike ya daɗe yana duban wayar, ya sa aka sake gwadawa, ta sake faɗin abin da ta faɗa. Sai Alhajin ya ce, "Ni ba na cin haram. A ba ta abinta, na san wanda ya kawo mini shi." Shi da kansa ya aika a kira jandarma, wato jami'an tsaro, su kamo mutumin. Dattijon da hannunsa ya miƙo mini igiyar. Wallahi guɗa na rangaɗa a tsakiyar tike, ban damu da wanda ke kallo ba.

Da muka dawo Garwa, Goggo Ladi, autar Iya, ta zo yi mini barka. Ina ba ta labari tana share hawaye, har na tambaye ta lafiya. Ta ce, "Ke ba ki sani ba? Tatsuniyar nan Iya ce ta ƙaga ta. Tana da ƙuruciya aka sace mata saniyar da ta gada wurin uwarta. Ta gan ta a kasuwa, ta gane ta, ta ce a duba hanci. Dariya suka yi mata, tana tsaye aka kora saniyar."

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka Iya so take ta koya mana duba abu da kyau. Haka ne, ta koya mana. Amma yanzu na gane tana kuma gyara wa kanta shari'ar da aka ƙi yi mata ne, a gaban yara, da Dorina a matsayin alƙali. Abin da ta rasa a ranar shi ne mai shaida, wanda ba ya duban ko mace ce ke magana ko namiji, hancin kawai yake dubawa. Na yi mata kuka a ranar, kukan baƙin ciki da na murna a haɗe. Ita ba a ba ta tata ba. Ni jikarta an ba ni nawa, da rana tsaka, a gaban kowa.