Wasiƙar da Inna ta ɓoye

Muna yara, kan sarauniyar Ingila ne a jikin sule, shi ne kuma a kan sarkin da ake manna wa wasiƙa. Bayan an canja kuɗi sai fuskoki suka ɓace na ɗan lokaci. Fuskar da ta fara dawowa ta shugaban ƙasar da aka harbe ce, wanda aka kawo gawarsa Kano. Shekara guda da rasuwarsa aka buga shi a kan sarki, aka kuma sa shi a takardar naira ashirin.

A lokacin ni da ƙanena muna aiki a wata masaƙa a Bompai, ɗakinmu ɗaya a Hotoro. Shi yana sashen da ake kaɗa auduga. Tari ya kama shi tun damina, har ya kai ga yana tofar da jini. Da aka kwantar da shi a asibiti, bai roƙe ni komai ba sai in kira masa Inna, mahaifiyarmu, daga ƙauye.

Shugaban sashenmu ya ce duk wanda ya yi fashin kwana biyu ya bar aiki. Don haka na rubuta wasiƙa. A gidan waya ma'aikacin ya miƙo mini sabon kan sarki mai hoton marigayin, na lasa na manna. Ban yi tunanin komai ba.

Kullum na tashi aiki na je asibiti sai ƙanena ya kalli bayana, ya ga ko Inna ta biyo ni. Ina ce masa hanya ce ba kyau. Daga baya ya daina kallo.

Ashe wasiƙar ta isa tun makon farko. A garinmu an riga an yaɗa cewa ba a manna fuskar mamaci sai a takardar da ke ɗauke da labarin mutuwa. Inna ba ta karatu. Ta gane fuskar, ta ƙi kai wa malamin firamare ya karanta mata, ta cusa ta ƙarƙashin tabarma. Sai da ƙanenta ya matsa aka buɗe.

Ta iso ran Laraba da la'asar. Mun rufe shi ran Talata.

Ta ciro ambulan daga bakin zanenta, ta ajiye a gabana.

"Na zaci in ban buɗe ba, yana nan da rai," in ji ta.

Na ce, "Yana nan, Inna, ranar da na rubuta."