Bishiyar Kirfa da Baba Bai Gani Ba

Mahaifina kayan ƙamshi yake sayarwa a kasuwar Funtua: citta, kanumfari, masoro, kimba da kirfa. A rumfarsa na tashi. Duk abin da ke cikin kwanukansa ya san inda aka nomo shi, ban da kirfa. Ita a buhu take zuwa daga Kano, Kanawan ma ba su san daga ina aka kawo musu ba. Yakan ɗauki ɓawon ya jujjuya, ya ce da yana da hali, da ya je ya ga bishiyar nan ko sau ɗaya.

Lokacin da na samu aikin ɗaukar kaya a filin jirgin Doha, idanunsa sun riga sun fara dushewa. Ƙanwata ce ta haɗa mini jaka, shi kuma ya lalubo ƙullin kayan shayi ya cusa a ciki.

A unguwar Fereej Abdel Aziz aka ba mu ɗaki. Cikin abokan zamana akwai wani dattijo Musulmi daga Sri Lanka, yana aikin shara a filin jirgin. Mu Hausawan ɗakin Kawu muke kiransa, ya kuma amsa. Da guntun Turanci da guntun Larabci muke fahimtar juna.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗora shayi, na jefa kirfar Baba a tukunya. Kawu ya leƙo kicin, ya ɗauki ragowar ɓawon ya sansana.

"Wannan ba irin tamu ba ce," in ji shi. "'Yar'uwarta ce, mai kauri, daga China. Tamu siririya ce. Tana nan bayan ɗakina a ƙasarmu."

Na ajiye cokali na tambaye shi ko da gaske yake. Ya yi dariya, ya kira matarsa ta bidiyo. Ta ɗauki wayar ta zagaya bayan ɗakin, kaji na gudu a gabanta, sai ga wasu itatuwa masu rassa da yawa daga tushe ɗaya, ganyensu na sheƙi, sabon toho ja-ja. Ba su ma kai tsayin da nake zato ba. Tun ina yaro nake ganin bishiyar a raina kamar kuka.

Da yamma na kira gida. Ƙanwata ta kara wa Baba wayar a kunne.

"Baba, yau na ga bishiyar kirfa."

Ina jin kukan akuya da muryar mai tallan awara a ƙofar gidanmu.

"Da idonka?"

"A waya, Baba. Amma mai ita yana kusa da ni."

"To, faɗa mini. Ta kai mangwaro?"

Na ce ba a barinta ta kai, ana sare rassan tun suna sirara, a kankare bayan, a ɓare na cikin, a shanya a inuwa har ya naɗe da kansa. Yana tambaya ina juya wa Kawu, Kawu na amsawa da hannu da baki, ni kuma ina mayarwa da Hausa. Tana fure? Tana son ruwa? Awaki na cin ganyen? Da na ce masa iri biyu ce, ya ce, "Ikon Allah. Na tsufa ina sayar da ɗaya, ban san tana da 'yar'uwa ba." Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ya bar zuwa kasuwa.

Bayan azumi Kawu ya tafi hutu. Da ya dawo ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsohon zani: guntun reshe da ɓawonsa, da ganye da ya fara bushewa, da siririyar kirfarsu.

"Na babanka ne," ya ce. "Khalas, shi ke nan, kar ka yi godiya."

Na so in kai da kaina. Na so in ga yadda zai riƙe reshen, in zauna gefensa a kan tabarmar zaure. Amma hutuna da saura, kamfani kuma ba ya sakin mutum kafin lokaci. Kullum ina ɗora jakunkunan masu tafiya gida a kan bel ɗin da ke jan kaya, wasu har da tambarin Abuja ko Kano, in bi su da ido su shige. A ƙarshe wani direba ɗan garinmu da ke unguwar Ain Khaled zai koma gida, na ba shi saƙon.

Ƙanwata ta turo mini saƙon murya. A ciki ina jin ƙarar ganye ana murzawa, sai Baba ya ja numfashi.

"Kanumfari," ya ce. "Ganyen ƙamshin kanumfari yake. Ke, zo ki ji." Sai ya tuna ana ɗauka. "Ka gaishe da mutumin nan, ka ce Allah ya saka masa. Kai kuma yaushe za ka zo?"

Na saurari saƙon nan a motar kamfani, na saurare shi a wurin hutu, har abokan aikina suka haddace shi. Daga baya ƙanwata ta gaya mini Baba ya sa an dasa reshen a tsohon bokiti. Ta faɗa masa ya bushe, ba zai yi toho ba. Ya ce a dai riƙa zuba masa ruwa, in na zo na duba, tunda ni na san kamanninsa.

Kawu ya gama kwantiraginsa ya koma ƙasarsu. Wani ɗan Nepal ne a gadonsa yanzu. Ni kuma an ce mini hutuna sai bayan babbar Sallah, in Allah ya yarda.