Takwas ɗin Malam Leƙa-Ƙasa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, tun ba a buɗe tagogin ofishin rajistar motoci ba, Malam Leƙa-Ƙasa ya riga ya shimfiɗa kwalinsa a filin da ke bayan ofis. Kayan aikinsa ba su cika aljihu biyu ba: tsohon buroshin haƙori, tsumma, alli, tocila, sai guntun madubin babur da ya ɗaure a bakin sanda. Aikinsa shi ne ya nemo lambar da aka buga a jikin ƙarfen mota, ya goge ta, ya karanta, ya gwada da wadda ke kan takarda. Wata lambar tana ƙarƙashin kujera, wata a bayan taya, wata kuwa sai ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan. Direbobi sun fi sanin tafin takalminsa a kan fuskarsa, shi ya sa suka laƙaba masa sunan, kuma yana amsawa. Matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa na ce ba zai sulale ya tafi shiru ba.

Wani mai tasi ya ba ni labarin ranar da ya cusa masa 'yar ƙunshiya a aljihu yana kwance ƙarƙashin mota. Malam ya fito, ya kakkaɓe riga, ya miƙa masa kayansa ya ce, "Direba, wani abu ya faɗo daga aljihunka ya shige nawa." Wata ma'aikaciyar jinya kuma ta ce motarta da aka sace, bayan shekara biyu aka kawo ta rajista da sabon fenti. Malam ya shafa lambar da yatsa ya ji an goge an sake bugawa, yau ga ta tana zuwa aiki a cikin motarta. Irin waɗannan suna da yawa. Amma nawa labarin da faɗa ya fara, kuma ni ce mai faɗan.

A farkon shekarar nan aka liƙa daftarin sababbin dokokin rajista a bangon ofis, aka ce jama'a su karanta kafin ranar jin ra'ayi. Akwai ƙarin kuɗi a ciki, shi kowa ya fara gani. Sashen da ya fi cizo yana can ƙasa. Duk motar da lambar jikinta ta saɓa da ta takarda, ko da harafi ɗaya ne, za a soke rajistarta, a ajiye ta sai an gama bincike, sannan a yi mata sabuwa daga farko. Ɓarayin mota aka nufa, kuma ban ga laifin niyyar ba.

Kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama har na zama malamar makaranta, da tsohuwar a-kori-kura yake kwasar kayan masu tashi gida. Unguwa kaf Sai-an-tura ake ce mata, ba sai na yi bayani ba. Baki tara take ciyarwa. In ta kwana uku a ajiye tukunyar gidan tana sani, balle a ce watanni. Da yake ni ce mai karanta takardun gidanmu, na ce, "Kawu, mu kai ta a duba tun dokar ba ta hau kanmu ba."

Malam ya shige ƙarƙashinta, muka ji buroshi yana aiki. Ya daɗe. Da ya fito ya dubi takarda, ya koma, ya sake fitowa.

"Alhaji," ya ce wa Kawu, "harafi na shida, a ƙarfe B ne, a takarda takwas."

Kawu ya nemi gefen taya ya zauna. Ni kuwa bakina ba ya jiran izini.

"Shekara goma sha tara ana sabunta takardar nan a ofishin nan," na ce, "sai yau idonku ya buɗe? Wane makaho ne ya rubuta ta tun farko?"

"Bari mu duba, Malama," in ji shi.

Ya shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, ya fito rungume da wani ƙaton littafi da bangonsa ya ɓare. Ya buɗe shi a kan bonet, ya bi layi da yatsa, ya tsaya. Sai ya yi murmushi.

"Ga makahon nan a gabanki. Hannuna ne."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Shi ko a jikinsa. Ya ce wa Kawu ya je ya ci gaba da aikinsa, maganar ta zama tasa. Da muka tashi tafiya motar ta ƙi tashi kamar yadda ta saba, Malam ya sa kafaɗa muka tura tare.

Daga baya magatakardar ofishin ta gaya mini sauran. An riga an sa sunan Malam cikin waɗanda za a ba takardar yabo ta aikin da babu tabo. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya kankare takwas ɗin da reza, ya gyara a ɓoye, kowa ya huta. Malam ya ce hannun da ya yi ɗaya ya yi wasu. Mako uku, lokacin da kowa ya fita cin abincin rana, yana cikin ɗakin ajiya yana bin littattafai, yana kiran masu motoci a waya su kawo ya leƙa. Ya samo kurakurai ashirin da shida masu rubutunsa. Ya samo na wasu ma'aikatan ma, waɗansu sun rasu, waɗansu sun yi ritaya, bai kama sunan ko ɗaya ba.

Ranar jin ra'ayi zauren ya cika maƙil, direbobi na ta hayaniya kan ƙarin kuɗi. Can sai ga hannu daga kujerun ma'aikata. Malam ya miƙe cikin rigar aikinsa, an wanke ta an goge, amma tabon baƙin mai yana nan. Ya karanto lambobin motoci ashirin da shida, ya ce duk dokar za ta kama su, kuma duk shi ya rubuta su ba daidai ba.

Shugaban kwamiti ya cire tabarau. "Malam, ka san abin da kake faɗa a kanka?"

"Na sani, ranka ya daɗe. B ɗina da takwas ɗina uwa ɗaya uba ɗaya ne, musamman in rana ta take."

Zauren ya ɗauki dariya. Ya jira ta lafa, ya ce, "Ɓarawo ƙarfe yake taɓawa, kuma yatsa yana ganewa. Waɗannan ƙarfensu lafiya lau, takarda ce ta yi ƙarya, mu kuwa muka rubuta ta. Kada direba ya kwana da yunwa saboda alƙalamina."

Ban taɓa jin daɗin tafi irin na ranar ba, sai da tafin hannuna ya yi zafi.

Bayan mako biyu aka liƙa gyararren daftari. Kuskuren da ofis ya yi, ofis zai gyara kyauta, mota kuma ba za ta sauka daga kan titi ba. Maganar ƙarin kuɗi har yanzu muna ja da su, ni dai ban sallama ba. Takardar yabon kuwa ta wuce Malam. Da na yi masa jaje, dariya ya yi ya ce dama bangon ɗakinsa ba ya riƙe ƙusa.

Malam, kai ne ka ga ƙofar tsira a buɗe, ba mai kallonka, ka ƙi bi. Kai ne ka ɗauki laifinka a ka ka kai shi gaban jama'a, ka bar na matattu a rufe. Gwanin kwali, mai yatsa da ido. Na zage ka a gaban mutane, to ga shi ina ba ka haƙuri a gaban waɗanda suka fi su yawa.

Ku kuma da ke zaune bayan tebura da tagogi, ku da hatimi ke hannunku, kuskure kowa na yi. In naku ya fito, ku buɗe baki ku ce "ni ne", kafin ya faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Jiya Kawu ya kwashe kayan gida biyu, ya dawo da cefane kafin la'asar. Yaransa sun ci sun ƙoshi sun fita wasa, ba su ma san an yi wani abu ba. Ni na sani. Mun gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai daɗi.