Murya Daga Cikin Ɗaki

Bayan rasuwar matata na koma rubuta wasan kwaikwayo, ba don sha'awa ba, sai don ranar Asabar ta yi mini tsawo. Lokacin da nake koyarwa na rubuta wa ɗalibai wasanni da yawa, irin waɗanda mugu ke tuba kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.

A wani aji muke haɗuwa duk Asabar a Birnin Kudu, duk mun manyanta: tsofaffin malamai, wani tela, da wata nas daga babban asibiti. Jagoranmu dattijo ne da ya daɗe yana shirya wasanni. Dokarsa ɗaya: a karanta rubutunka da baki, kai kuma ka yi shiru ka saurara.

Wasana na miji da mata ne. Tela ya karanta mijin, nas ta karanta matar. Da suka gama, dattijon ya ce maganganun sun yi daidai, amma ya lura duk inda matar za ta yi magana na rubuta "murya daga cikin ɗaki".

"Malam, wannan ai wasan rediyo ne. Ka fito mana da ita tsakar gida, mu ga abin da hannunta ke yi."

Tela ya ce wataƙila kulle na yi mata har a takarda. Aka yi dariya, ni ma na buɗe baki.

Na koma gida na zauna da biro. Maganar matata na nan a kunnena, har da yadda take jan "to" idan ba ta yarda ba. Hannun ne babu. Na nema, na nema, kamar mai laluben silifas a ƙofar masallaci. Ban ji baƙin ciki ba. Abin da na sani kawai, idan ban samo ba, a cikin ɗakin za ta zauna.

Na shiga mota zuwa Gwaram wajen yayarta. Bayan doguwar gaisuwa na tambaye ta me marigayiya takan yi da hannunta idan tana magana. Ta dube ni kamar na tambayi farashin jirgin sama, sannan ta ce tun suna yara ba ta iya hira hannu sake, sai da zogale a faifai tana tsinka. Ta ƙara da cewa ai ni ya kamata a tambaya. Na ce haka ne. Na ci tuwo na dawo.

Na goge "murya daga cikin ɗaki" a ko'ina, na sa: tana zaune a tabarma, tana tsinkar zogale.

Asabar ta zagayo. Nas ta karyo reshen darbejiya a bakin aji, ta zauna, tana karatu tana tsinka. Ina kallo kamar yadda nakan kalli ɗalibi yana lissafi a allo. Can na ji bakina ya karya dokar dattijo.

"Hajiya, da hagu take yi."

Yayarta ba ta gaya mini wannan ba. Nas ta sauya hannu, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Dattijon ya ce in rubuta shi kafin in manta, na rubuta.