Jarkar da Malama Rabi ta Fasa

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku saurara. Har gobe ban manta ranar da Malama Rabi ta fasa min jarka ba.

Shekarun fari ne. Gero ya ƙi, maigidana ya tafi cin rani, aka ɗauke ni lebura a wata tashar gwajin noma wajen Tsanyawa. Malama Rabi jami'ar bincike ce, a ƙarƙashinta nake. Aikina kiwon talibamban, 'ya'yan kwaɗi, cikin robobi. Layi biyu ne, ɗaya ana ɗiga masa maganin feshi, ɗaya ruwan rijiya zalla, don a ga bambanci. Ni ke ɗebo ruwan.

Ana nan sai na ruwa zalla ma suka lalace. Baya ya karkace, wutsiya ta ƙi tafiya.

Na ce, "Malama, ko iska ce ta shafe su?"

Ta ce, "Inna Talatu, jikinsu aike yake yi. Wannan sashe ya aika wa wancan: fito da ƙafa, janye wutsiya. Maganin shi ke tare saƙon a hanya. To waɗannan wa ya ba su magani? Da me kike ɗebo ruwa?"

Na kawo jarkata ina taƙama, fara sol. Masu feshi suka ba ni da maganin ciki ya ƙare, na wanke ta da toka sau uku.

Ta karanta rubutun jikin jarkar. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata mata aikin damina guda, kora ta zo.

Sai ta ce, "A gida ma da ita kuke sha?"

"Har 'yata Hinde, mai ciki."

Ta ɗauko wuƙa ta burma wa jarkar. Na ce, "Ke! A wannan shekarar kike fasa wa mutum abin ruwa? Kanki ɗaya?"

"Zage ni, Inna, amma ba za ta koma gidanki ba."

Washegari ta aiko min da tulu. Ga manyanta kuwa ta ce sakacinta ne, ita ce ba ta duba ba.

Nan na koyi cewa toka ba ta wanke maganin feshi, kuma shugaban kirki gidanka yake fara tambaya kafin asararsa.

Aka yi mata canjin wurin aiki, ban sake ganinta ba. Da furfurata na shiga yaƙi da jahilci. Wasiƙar farko da hannuna ya rubuta tata ce. Tana nan cikin adakata, ban san inda zan aika ba.